Na'urar Dashen Mazakuta: Shekara Nawa Take Yi, Kuma Shin Yawan Amfani Yana Kashe Ta Da Wuri?

Akwai na'urorin da muke riƙewa a hannu, akwai waɗanda muke ɗaurawa kamar agogo, akwai kuma waɗanda likita ke yanka jiki ya saka a ciki ya ɗinke. A wannan rukuni na uku akwai wadda ba a cika maganarta a fili ba saboda kunya, wato na'urar da ake dasa wa namiji a cikin mazakutarsa idan ta daina miƙewa kuma duk magani ya gaza. Duk wanda ya ji labarinta, tambaya biyu ce ke fara zuwa masa. Shekara nawa take yi? Idan kuma mutum yana yawan kusantar iyalinsa, za ta mutu da wuri kamar batirin wayar da ake yi wa caji sau uku a rana?

Amsar a taƙaice ita ce, yawancin waɗannan na'urori suna wuce shekara 10 suna aiki, kusan rabinsu kuma suna kaiwa shekara 20. Amfani na yau da kullum shi ne aikin da aka ƙera ta domin sa, kuma likitoci ba sa yanka wa mutum adadin da ba zai wuce ba. Abubuwan da ke katse mata rayuwa da wuri wasu ne daban, kuma su ne ya kamata mutum ya sani kafin ya kwanta a gadon tiyata.

Yadda na'urar take aiki

A cikin mazakuta akwai wasu jijiyoyi biyu masu kama da soso, suna kwance gefe da gefe. Idan sha'awa ta motsa, jini ne ke cika su har gaba ta yi ƙarfi. Ciwon suga, cutar jijiyoyin jini, raunin laka bayan haɗarin mota, ko tiyatar kansar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, duk suna iya lalata wannan tsari. Likita yakan fara da ƙwayoyi irin su Viagra, sannan allura ko na'urar zuƙo jini. Idan duk sun ƙi, sai a zo batun dashe.

Dashen iri biyu ne manya.

Na farko shi ne mai lanƙwasuwa. Sanduna biyu ne na silikon, da ƙarfe mai laushi a tsakiyarsu. Mutum yana miƙe su da hannu idan zai yi amfani, ya lanƙwasa su ƙasa idan ya gama. Ƙarfinsu ba ya sauyawa, kullum a haka suke.

Na biyu shi ne mai famfo, kuma shi aka fi tambaya a kansa. Wanda ya fi shahara yana da sassa uku: silinda biyu a cikin mazakuta, ƙaramin famfo a cikin jakar maraina, da tankin ruwan gishiri a ƙasan mara. Siraran bututu ne ke haɗa su. Idan aka matsa famfon sau da yawa, ruwa yana barin tanki ya cika silindar. Idan aka danna wurin sakewa, ruwan ya koma tanki, gaba ta kwanta. Wanda ya san yadda jak ɗin ɗaga mota mai amfani da mai yake aiki ya riga ya fahimci dabarar. Akwai kuma mai sassa biyu wanda ba shi da tanki na daban.

Babu batir a ciki, babu manhaja, babu Bluetooth, babu caji. Ruwa ne da roba da bawul. Wani likita mai suna Brantley Scott ne tare da abokan aikinsa suka fito da mai famfon a shekarar 1973 a birnin Houston na Amurka. A yau manyan samfura biyu da suka mamaye kasuwa su ne AMS 700 na kamfanin Boston Scientific da Titan na kamfanin Coloplast na ƙasar Denmak.

Abin da alƙaluma suka nuna

A shekarar 2022 an wallafa wani nazari a mujallar likitoci ta Urology, wanda ya tattara bincike 12 da suka shafi maza fiye da 20,000 da aka yi wa dashen mai famfo. An duba ko na'urar tana nan ba a cire ta ko sauya ta ba. Ga yadda sakamakon ya kasance, a taƙaice:

Bayan shekara 1: kimanin kashi 93 cikin 100.
Bayan shekara 5: kimanin kashi 87 cikin 100.
Bayan shekara 10: kimanin kashi 77 cikin 100.
Bayan shekara 15: kimanin kashi 64 cikin 100.
Bayan shekara 20: kimanin kashi 53 cikin 100.

Lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, faɗuwar da ta fi girma a cikin shekara guda tana shekarar farko ne, lokacin da na'urar take sabuwa fil. Mutum 7 cikin 100 sun koma tiyata kafin wani abu ya samu damar tsufa. Bayan haka sai raguwar ta koma a hankali, kusan mutum 2 zuwa 3 cikin 100 a kowace shekara. Masu gyaran waya sun san irin wannan. Wayar da ta zo da matsala takan nuna ta a makonnin farko, wadda ta tsallake kuma sai ta daɗe. A wajen dashe, matsalar farkon yawanci daga tiyatar take, musamman shigar ƙwayoyin cuta.

Na biyu, duk na'urar da aka bibiya shekara 20, tsohon samfuri ce. Ba yadda za a yi a samu rahoton shekara 20 na abin da aka ƙera bara. Saboda haka alƙaluman dogon zango suna ba da labarin fasahar baya ne, kuma an yi gyare-gyare da dama tun lokacin.

Wani binciken na shekarar 2007, wanda likita Steven Wilson da abokan aikinsa suka yi a kan maza 2,384, ya raba matsalar gida biyu. Idan lalacewar na'urar kawai aka ƙirga, kimanin kashi 79 suna lafiya bayan shekara 10, kashi 71 bayan shekara 15. Idan kuma aka haɗa duk dalilan komawa tiyata, sai adadin ya sauka zuwa kimanin kashi 69 da kashi 60. Tazarar da ke tsakani ita ce mutanen da na'urarsu ba ta lalace ba amma dole aka taɓa ta saboda wani dalili na jiki.

To, ina matsayin yawan amfani?

Mun saba da kayan da ake auna rayuwarsu da adadin amfani. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 an tsara shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000. Samsung ya sha tallata cewa an gwada wayoyinsa masu naɗewa har sau 200,000. Shi ya sa hankali ke ba mutum cewa dashe ma yana da mita a ciki, kowace saduwa tana cin wani abu daga ciki.

Batir yana tsufa ne saboda sinadarin cikinsa yana sauyawa da kowane caji. Dashe ba shi da wannan sinadari. Ruwan da ke ciki zagayawa kawai yake yi daga tanki zuwa silinda ya dawo. Kuma idan aka yi lissafi, adadin ba shi da yawa. Wanda ke amfani da ita sau uku a mako zai hura ta sau 156 a shekara, wato sau 1,560 a shekara 10. Wanda ke yi kullum zai kai 3,650. Alƙaluman da muka kawo a sama ma ba daga ɗakin gwaji suka fito ba, daga jikin maza ne masu rayuwar aurensu, wasu da yawa wasu kaɗan.

Akwai ƙarin hujja. Bayan rauni ya warke, likitoci da yawa suna umartar mara lafiya ya riƙa hura na'urar yana saukewa kullum na tsawon watanni, ko da ba zai sadu da iyali ba. Dalili shi ne jiki yana gina wata fata mai tauri a kewayen duk baƙon abu da aka saka masa. Idan ba a motsa silinda da tanki, wannan fatar tana iya matse su ta hana su buɗewa sosai. Da hurawa ce babbar mai kashe na'urar, da ba a mayar da ita aikin gida ba.

Wannan ba ya nufin motsi ba ya cin komai. Duk abin da ke motsi yana gogewa, kuma bawul da roba ba su fi ƙarfin wannan doka ba. Sai dai na'urar tana shan motsi ko ana amfani da ita ko ba a yi. Tafiya, zama, hawa babur, ruku'u da sujada, juyi a kan gado, duk suna lanƙwasa bututun suna goga su da juna, awa 24 a rana, shekara da shekaru. Silindar da aka sauke ma tana naɗewa, kuma a bakin naɗin ne roba ke gogar roba. Minti talatin na amfani kaɗan ne a cikin wannan lissafi.

Inda take lalacewa

Ka duba igiyar cajarka. Da wuya ta tsinke a tsakiya. A wuya take mutuwa, daidai inda igiya mai laushi ta haɗu da kai mai tauri. Haka dashe yake. Lalacewar da aka fi gani ita ce yoyon ruwa, ko dai a bututu kusa da mahaɗa, ko a jikin silinda.

Tarihin na'urar ya tabbatar da haka. A 1992 kamfanin Mentor, wanda Coloplast ya sayi sashensa na wannan harka daga baya, ya ƙarfafa jikin famfonsa ta wajen da bututu ke fita. A binciken Wilson, wannan gyara ya ɗaga adadin na'urorin da ke kaiwa shekara 10 ba su lalace ba daga kimanin kashi 65 zuwa kusan kashi 89. A farkon shekarun 2000 kuma aka fara shafa wa silindar AMS wani siririn rufi mai santsi da ake kira parylene domin rage gogayya, sai lalacewar shekarun farko ta ragu ƙwarai. Masu amfani ba su sauya halinsu ba. Injiniyoyi ne suka gyara wurin da ke da rauni, rayuwar na'urar ta ƙaru.

Sauran matsalolin na'ura sun haɗa da famfo ya ƙi aiki, silinda ta kumbura a gefe guda kamar tayar da ta yi ƙulli, ko na'urar ta riƙa hura kanta ba a taɓa ta ba. Wannan na ƙarshen an rage shi da wani bawul mai kulle ruwa a tanki.

Idan ruwan ya zube, ba guba ba ne. Ruwan gishiri ne irin wanda ake ƙara wa mara lafiya a asibiti, jiki zai shanye shi. Alamar ita ce famfo ya lotse ya ƙi dawowa, ko a yi ta matsawa gaba ba ta yi ƙarfi ba. Ba abin gudu asibiti cikin dare ba ne, amma gyaransa sai an sake tiyata.

Mai lanƙwasuwa kuwa, da yake ba shi da ruwa ko famfo, ba shi da abin yoyo, kuma karyewarsa ba ta da yawa. Ya fi araha, ya fi sauƙin sakawa. Nasa cikas ɗin shi ne kullum yana tokare nama daga ciki, don haka ya fi yiwuwa ya huda fata ko hanyar fitsari, musamman ga wanda jin jikinsa ya ragu saboda raunin laka. Ɓoye shi a cikin tufafi ma yana buƙatar sabo.

Babban abokin gaba: ƙwayoyin cuta

A tiyatar farko, kimanin mutum 1 zuwa 3 cikin 100 ne ƙwayoyin cuta ke kama na'urarsu. Adadin kaɗan ne, amma idan ya faru abin ba daɗi. Ƙwayoyin cutar suna manne wa jikin roba su lulluɓe kansu da wani yauƙi da maganin sha ko allura ba ya ratsawa sosai. Galibi sai an ciro na'urar gaba ɗaya. Wani lokaci ana wanke wurin sosai a saka sabuwa nan take, wani lokaci kuma sai an jira watanni, kuma a wannan jira tabo yana cika wurin, tsawo ya ragu, tiyata ta gaba ta ƙara wuya.

Shi ya sa tun 2001 ake yi wa AMS 700 rufin magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda biyu, rifampin da minocycline, shi kuma Titan yana da rufin da ke tsotse maganin da likita ya tsoma shi a ciki kafin sakawa. Haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon sugan da bai daidaita ba, da mai raunin laka, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da wanda ake yi wa tiyata karo na biyu. Zazzaɓi, ja da kumburi, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya, ko famfo ya manne da fata, duk alamomi ne na komawa wurin likita a ranar.

Abin da ke tsawaita rayuwarta

Ƙwarewar likita ta fi komai. Likitan mafitsarar da ke yin wannan tiyata a kai a kai ya fi iya auna girman da ya dace da kuma shimfiɗa bututu yadda ba za su riƙa gogar juna ba. Ba laifi ba ne a tambaye shi guda nawa yake yi a shekara.

Sai a daidaita suga kafin tiyata da bayanta, a kuma bar taba, domin tana hana rauni warkewa.

A jira mako 4 zuwa 6, ko iya lokacin da likita ya ce, kafin a fara saduwa. Gaggawa a nan tana iya jawo asarar dukan aikin.

A hura ta sosai kafin amfani, a sauke ta sosai bayan an gama. Barin ta a hure tsawon lokaci ba tare da umarnin likita ba yana matsa wa nama. Kada a lanƙwasa ta da ƙarfi tana hure, kada a murɗa famfo ko a ja shi. Abin da ya fi yawan amfani haɗari shi ne amfani da ganganci.

A sanar da kowane likita cewa akwai dashe kafin a saka robar fitsari, ko a yi tiyatar mara irin ta ƙaba, ko a shiga na'urar hoton MRI. Ana ba da katin da ke ɗauke da sunan samfuri da lambarsa. A ɗauki hotonsa a ajiye a waya da kuma imel.

A tambayi batun garanti dalla-dalla. Ko kamfani ya yarda ya ba da sabuwar na'ura, kuɗin asibiti da na likita lissafi ne daban. Wanda zai fita waje, Masar ko Indiya ko Turkiyya, ya san tun kafin ya hau jirgi wa zai duba shi idan matsala ta taso bayan ya dawo gida.

Me ya sa wannan ya shafi matashi?

Lissafin shekaru ne. Dattijo mai shekara 65 da aka yi wa dashe, akwai yiwuwar na'ura ɗaya ta ishe shi. Matashi mai shekara 30 kuwa, idan Allah ya ba shi tsawon rai, ya sa a ransa zai sake tiyata aƙalla sau ɗaya, wataƙila sau biyu. Kowace sauyawa tana cin dubban daloli, kuma haɗarin ƙwayoyin cuta a cikinta ya fi na farko.

Sannan hanya ce da ba a dawowa. Wajen saka silinda ana buɗa sosan da ke cikin mazakuta, don haka ko an cire na'urar, miƙewa ta asali ba za ta dawo ba. Dashe ba ya ƙara tsawo ko girma, ba ya ƙara sha'awa, ba kuma maganin saurin kawowa ba ne. Aikinsa ɗaya ne, samar da ƙarfi lokacin da ake buƙata. Jin daɗi da fitar maniyyi yawanci suna nan yadda suke kafin tiyata. Ga waɗanda suke buƙatarsa da gaske, bincike da yawa sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 suna gamsuwa da shi. Amma yawancin matasan da ke fama da rauni ba su kai nan ba. Fargaba, damuwa, taba, tramadol da kodin, hawan jini ko sugan da ba a gano ba, su ne ake fara dubawa, kuma suna da magani.

Akwai hanya guda da ke kai matasanmu ga dashe, wadda kuma ana iya kauce mata. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, kuma kusan namiji ɗaya cikin uku masu wannan cuta yana gamuwa da miƙewar gaba mai ciwo wadda ba sha'awa ta kawo ta ba kuma ta ƙi kwanciya. Wasu magungunan ƙarfin maza da ake sha ko ake yin allurarsu ba tare da likita ba su ma suna iya jawo ta. Jinin da ya maƙale a ciki ba ya samun iska, naman ya fara mutuwa. Idan ta kai awa 4, asibiti ake tafiya nan take. Idan ta wuce awa 36, da wuya ƙarfin asali ya dawo, kuma a nan ne likitoci ke fara maganar dashe. Sau da yawa kunya ce ke cinye waɗannan awanni, saurayi yana ɗaki yana jira abin ya sauka da kansa. Idan kana da sikila, ko ƙaninka ko abokinka yana da ita, ka riƙe wannan adadi na awa 4, ka kuma faɗa masa.

Wanda kuma likita ya tabbatar masa cewa dashe ne mafita, ya yi amfani da na'urarsa hankali kwance, ba sai yana ƙirga kwanaki ba. Ya zaɓi ƙwararren likita, ya kula da sugansa, ya bi ƙa'idar makonnin farko, sannan ya tanadi abin sauya ta nan da shekara 10 zuwa 20. Allah ya ba marasa lafiya lafiya.